Darasi na 9: Idan Aka Ji wa Yaro Rauni

A darasin da ya gabata mun yi magana a kan bashi da rigimar haya, inda mai haƙƙi yake tashi da ƙafarsa ya je kotu, ya buɗe baki ya faɗi abin da yake bi. Yau mun zo kan mai haƙƙin da ba ya iya ko ɗaya daga ciki. Yaro ɗan shekara 6 da aka karya wa hannu bai san hanyar caji ofis ba, ba shi da kuɗin mota, kuma sau tari wanda ya karya hannun shi ne zai ba shi tuwon dare. Duk abin da doka ta tanadar masa yana nan kwance a takarda har sai wani babba ya tashi ya nema masa. Babban nan yana iya zama uwa, ko malamin aji, ko mai shagon bakin layi, ko ɗaya daga cikinku da kuke zaune a ajin nan.

A wajen Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda aka yi a 2003, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Jihar Kaduna ta daɗe ba ta yi tata ba, sai a 2018, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, aka sami Dokar Walwala da Kare Yara, aka kuma yi dokar hana cin zarafin mutane a wannan shekarar. Kariyar ta haɗa ɗan gida da ɗan riƙo, da almajiri, da yaron gareji a Kakuri, da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke a Barnawa. Ba a tambayar addinin yaro ko ƙabilarsa kafin a kare shi.

Kada wani ya ɗauka abin a gidajen wasu can yake faruwa. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF sun yi bincike a faɗin Najeriya, suka gano cewa yara 6 cikin kowane 10 suna gamuwa da wani nau'i na cin zarafi kafin su kai 18, kuma kusan rabin yaran ƙasar sun sha duka ko wata cutarwa ta jiki. Waɗanda suka sami wani taimako daga baya ba su kai 5 cikin 100 ba. Masu dukan kuwa yawanci na gida ne, sai malaman makaranta.

Ina horo ya ƙare, ina laifi ya fara?

Da zarar an taɓo wannan magana, ba a rasa dattijon da zai ce, “Malam, mu ma fa da bulala aka raine mu, ga mu nan ba mu lalace ba.” Haka ne, Baba, kuma tsohuwar dokar Arewa ta san da zaman wannan. Kundin Finalkod da ya fara aiki a 1960, a sashe na 55, ya bar wa uba ko mariƙi, da malamin makaranta, da ubangidan mai koyon sana'a damar yin horo ga yaron da ke hannunsu. Sai dai ya gindaya sharaɗi: kada horon ya kai ga mummunan rauni. Bai kuma bar kowa ya fassara mummunan rauni yadda ya ga dama ba, ya jera shi ɗaya bayan ɗaya. Akwai karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, da rasa gani ko ji ko magana, da nakasa wata gaɓa, da tabon da ya ɓata fuska ko kai har abada, da duk raunin da ya kai mutum bakin mutuwa, ko ya bar shi kwana 20 cikin azaba ko bai iya harkokinsa na yau da kullum. Kaduna ta sabunta kundinta a 2017, lambobin sassa sun canza, amma har yau alƙali yana rarrabe rauni da mummunan rauni, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kada a karanta wannan a baibai, a ce duk abin da bai kai karaya ba ya halatta. Azabtar da yaro ko yin sakaci da shi har ya wahala laifi ne mai zaman kansa tun a tsohon kundin. Dokar 2003 ta hana a ji wa yaro rauni a jiki ko a zuciya, sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya hana azabtar da kowane ɗan'adam, babba ko ƙarami. Wadda ta ɗora wa yarinya dutsen guga a cinya don naira 200 ta ɓace daga kuɗin talla, haushinta take hucewa, babu tarbiyya a ciki. Haka wanda ya tsula wa yaro wayar wuta har fata ta fashe, ko ya zuba masa barkono a ido, ko ya ɗaure shi a ɗaki kwana biyu ba abinci.

Magabata ma ba su sakar wa mai bulala mara ba. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 870 miladiyya, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman yara. A ciki ya tsayar da bulalar karatu a guda 3, ya hana dukan kai da fuska, ya hana malami ya yi duka cikin fushi. Wanda ya ƙetare iyaka har ya ɓata gaɓa, malaman fiƙihu sun ce zai biya. Mai cewa kare yara baƙon abu ne da Turawa suka kawo, sai ya fara da wannan littafi.

To, yaya za a gane raunin wasa da na hannun mutum, tunda duk wanda ya yi aika-aika cewa yake “faɗuwa ya yi”? A 1962 wani likitan yara a Amurka, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka wallafa bayanin da ya buɗe wa likitocin duniya ido a kan wannan. Yaro mai guje-guje a gwiwa yake ƙujewa, da ƙwauri, da goshi. Idan kuka ga shatar duka a gadon baya, ko bayan kunne, ko cikin cinya, sai a yi tambaya. Haka idan ƙuna ta fito da siffar abin da aka ɗora, ko aka ga sabon rauni kusa da tsohon da ya fara warkewa, ko jaririn da ko rarrafe bai fara ba ya sami karaya. Wata alamar kuma a bakin manya take: labarin da aka ba maƙwabta da safe ya saɓa da wanda aka ba nas da yamma, ko an yi kwana uku ana shafa man zafi kafin a nufi asibiti.

Asibiti tukuna

Kafin caji ofis, kafin gidan mai unguwa, kafin kiran dangi, a kai yaro asibiti. A wannan ƙetaren kogin Kaduna muna da Babban Asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard, duka a Kakuri, ban da ƙananan asibitocin unguwanni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya ƙi ba da taimakon gaggawa ko da wane dalili, kuma wanda ya ƙi yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6. Saboda haka babu hujjar a bar yaro yana zubar da jini a benci ana jiran takardar 'yan sanda.

Idan fyaɗe ne, akwai cibiyar Salama a cikin asibitin Gwamna Awan, mai duba waɗanda aka yi wa irin wannan ta'asa kyauta, akwai kuma irinta a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Kada a yi wa yarinya ko yaron wanka, kada a wanke tufafin, kada a shiga gashi da ruwan zafi kamar yadda tsofaffi kan yi da kyakkyawar niyya. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72.

Asibiti yana yin aiki biyu: yana magani, yana kuma rubutawa. Mai ɗori a unguwa wataƙila ya iya aikinsa, amma ba ya ɗaukar hoton ƙashi, ba ya ba da rahoton da kotu za ta karɓa, kuma bayan wata 6 ƙashin ya haɗe, shatar ta baje. Tun ran gini ran zane. Ku adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da kowane rasit ko na naira 500 ne, da rigar da jini ya ɓata. Ku ɗauki hoton raunin da waya a ranar, ku bar shi cikin wayar da ta ɗauka. Amma kada ku watsa shi a Facebook ko WhatsApp. Yin haka tona wa yaron asiri ne har girmansa, kuma yana ba wanda ake zargi damar tserewa ko shirya ƙarya.

Dalilin wannan naci yana cikin Dokar Shaida ta 2011, sashe na 209. Yaron da bai kai shekara 14 ba yana iya ba da shaida a kotu ba tare da rantsuwa ba, idan alƙali ya gamsu cewa yana da wayo kuma ya san muhimmancin faɗin gaskiya. Amma ba a hukunta kowa da maganarsa kaɗai, sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta. Rahoton likita, da hoto, da maƙwabcin da ya ji ihu, su ne wannan hujjar. Shari'o'i da dama a nan suke mutuwa, ba don alƙali bai yarda da yaron ba. Sannan a kiyaye yadda ake tambayarsa. Kada ki ce, “Kawunka ne ya yi maka, ko?” Ki zaunar da shi ki ce, “Ɗana, gaya mini abin da ya faru, ba zan dake ka ba, ba kuma laifinka ba ne.” Ki riƙe abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Lauyan da ke kare wanda ake zargi, abin da zai fara nema ke nan: alamar an kitsa wa yaro magana.

Wa zai kai rahoto, kuma ina?

Ranar 26 ga Satumba, 2019, 'yan sanda a ƙarƙashin Kwamishina Ali Janga suka fasa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna da ake kira makaranta kuma gidan gyaran hali. Suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Aka kama mutum 7. Cikin makonnin da suka biyo baya aka fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Zariya, da wani a Rigasar kanta. Gidan nan fa ba a daji yake ba. Rigasa unguwa ce mai cunkoso, gida jikin gida, kuma da yawa iyaye ne suka kai 'ya'yan da hannunsu har suna biyan kuɗi. 'Yan sanda sun ce tsegunta musu aka yi. Ke nan abin da ya fito da mutum 300 bai wuce wani ya buɗe baki ba, kuma da an buɗe shi da wuri da tabon bai kai haka ba.

Ko inda ake taƙama da hukumomi, shiru yana kisa. Victoria Climbie yarinya ce 'yar ƙasar Kwaddibuwa da iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu riƙo don ta yi karatu a Turai, irin riƙon da muka sani a nan. Ta rasu a Landan a watan Fabrairu na 2000 tana da shekara 8, aka ƙirga raunuka 128 a jikinta. Kafin nan asibitoci biyu sun gan ta, 'yan sanda sun san da ita, jami'an walwala sun buɗe mata fayil, an kai ta coci. Kowa ya ɗauka wani ne zai yi. Mariƙiyar da saurayinta sun sami ɗaurin rai da rai, binciken da aka yi kuma ya sa Ingila ta yi sabuwar dokar yara a 2004.

Don gudun irin wannan ne wasu wurare suka mayar da kai rahoto dole a kan masu aiki da yara. Shekara 5 bayan rubutun Kempe, kowace jiha a Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa likitoci sanar da hukuma. Legas ma a 2016 ta fitar da umarnin gwamna da ya wajabta hakan a kan makarantu da asibitoci da gidajen marayu. Ku kuwa abu biyu za ku riƙe. Kowa yana da damar kai ƙorafi a kan laifi, ko da ba shi aka yi wa ba, ko da babu dangantaka tsakaninsa da yaron. Sannan ɓoye shaida, ko shara wa hukuma ƙarya don mai laifi ya tsira, ko karɓar kuɗi don a binne magana, kowannensu laifi ne a Finalkod. Shugaban makarantar da ya tara malamai ya ce a faɗa wa iyaye faɗuwa yaron ya yi, don kada sunan makaranta ya ɓaci, ya sa kansa a ciki. Nauyin ya fi yawa a kan wanda aka damƙa wa yaro amana: malami, nas, mai gidan marayu, ubangida a gareji. Limami da fasto kuwa su ake fara kai wa kuka, kuma abin da suka ce a ranar farko yakan yanke ko magana za ta fita ko za ta mutu a zaure.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa suna da yawa. Akwai caji ofis na Kakuri, na Barnawa da na Sabon Tasha, akwai lambar gaggawa ta 112. Akwai ma'aikatar jiha mai kula da mata da walwalar jama'a, da sashen walwala a sakatariyar ƙaramar hukuma: Makera ga mutanen Kaduna ta Kudu, Kujama ga mutanen Chikun, wato su Narayi, Romi, Sabon Tasha da Gonin Gora. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Idan 'yar aiki ce, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da hurumi, domin dokarta ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko da ba a taɓa lafiyarsa ba. Idan yaro yana cikin haɗari a gidan da yake, ɗan sanda ko jami'in walwala yana da ikon ɗauke shi zuwa wuri mai aminci na ɗan lokaci, a kai maganarsa gaban kotun iyali.

In kun je, ku faɗi abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, ku bar zato. A ce wata ce daga Unguwar Television. Abin da za ta ce bai wuce haka ba: “Yallaɓai, ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Daren jiya wajen ƙarfe 9 na ji yarinyar tana ihu har kusan rabin awa. Da safe ta zo ɗiban ruwa, na ga hannunta na hagu a kumbure, ba ta iya ɗaga bokiti. Wannan ne karo na biyu cikin watan nan.” Ba ta ce matar gidan muguwa ce ba, ba ta kawo tsohuwar rigimarsu a kan kwata ba. Ku nemi a karanta muku abin da aka rubuta kafin ku sa hannu ko ku dangwala, ku riƙe sunan ɗan sandan da aka ba binciken. Idan aka shiga jan ƙafa, a rubuta takardar koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ko a sami lauya a kai ƙorafi kai tsaye gaban majistare. Ku sani kuma ƙage ma laifi ne, kishi ko rigimar fili ba dalilin yi wa mutum sharri da sunan yaro ba ne.

Akwai wani tsoro da ya keɓanta da garin nan, gara a faɗe shi. Tun bayan rikicin addini na 2000 da na 2002, da kogi ya kusa raba Kaduna gida biyu, mutum yakan ga yaron maƙwabcinsa mai wani addini cikin wahala ya kawar da kai, don kada a ce da wata manufa ya yi magana. Tsoron yana da dalili. Maganinsa shi ne a bi ta hannun hukuma cikin sirri, in da hali a tafi da wani dattijo na ɓangaren maƙwabcin. Abin da ba a yi shi ne tara matasa a ƙofar gida. Ranar da aka yi wa wanda ake zargi dukan kawo-wuƙa, shari'a ta juya: masu dukan ne za su kwana a sel, yaron kuma an manta da shi.

Ƙara iri biyu ce

Rauni ɗaya yana haifar da ƙara biyu, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce ta laifi. Wannan ta gwamnati ce, ɗan sanda ko lauyan ma'aikatar shari'a ne ke gabatar da ita, iyaye shaidu ne kawai. Sai an tabbatar da laifi babu sauran kokwanto ake hukunci. Manyan laifuffuka irin su kisa da fyaɗe Babbar Kotu ake kai su, kuma tun gyaran dokar da aka yi a watan Satumba na 2020, wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe a Kaduna hukuncinsa dandaƙa ne da kisa. Alƙalin da ya yanke hukunci yana da ikon sa mai laifi ya biya wanda aka cuta, saboda haka ku miƙa wa mai gabatar da ƙara rasit ɗinku, ku tuna masa ya roƙa.

Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya, wannan kuwa ta yaron ce. Tunda shi ba ya tsayawa da kansa, uba ko uwa ko waliyyi ne ke shigar da ita da sunansa. Ba a buƙatar hujja mai nauyin ta farko, ya isa a nuna maganarku ta rinjayi tasu, shi ya sa mutum kan tsira a shari'ar laifi amma a sa shi biya a wannan. Ana neman abin da aka kashe, wanda sai da rasit, ana kuma neman na azabar da yaro ya sha, da nakasar da za ta bi shi, da maganin da zai buƙata nan gaba.

Ba sai an yi duka ake neman diyya ba, sakaci ma ya isa. Mai gidan haya da ya bar rijiya a buɗe a tsakar gida mai yara, da makarantar da ta bar katanga mai tsaga har ta faɗo, da mai kemis da ya yi allura a inda bai dace ba ƙafa ta shanye, duk ana iya neman su. Wanda ya ɗauki ma'aikaci kuma yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacin ya yi a bakin aiki, don haka ana haɗa mai makaranta da malami, ana haɗa kamfani da direbansa. Wannan yana da amfani, domin direba yawanci ba shi da abin biya. Idan mota ce ta buge yaro, abu na farko lambar motar, sai a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a 122. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka buge, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga ƙaramar motar gida tun Janairun 2023. Kamfanin inshorar ne zai biya, muddin takardar ba ta jabu ba ce. Likitan da ya yi ganganci ana iya kai ƙararsa Majalisar Likitoci ta Najeriya, sai dai ita ladabtarwa take yi, diyya a kotu ake nema.

Lokaci yana cinye ƙara. Mafi tsanani, idan jami'in gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Kada a zauna jiran yaro ya warke sarai kafin a ga lauya. Mara hali ya je Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda ke karɓar ƙarar haɗari da ta tauye haƙƙi kyauta. Kotunan kuwa, tun 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, iri uku ne a jihar nan: kotun shari'a ga Musulmi, kotun gargajiya ga masu bin al'ada, sai majistare da Babbar Kotu da ke karɓar kowa.

Maganar sulhu

Nan ne gizo ke saƙa. Kwana biyu da faruwar abu sai ga tawaga: mai unguwa, da dattawa, da wan mahaifi. “Ƙaddara ce. A rufa wa juna asiri. Ga wannan a sayi magani.” Sulhu abu ne mai kyau, doka ma ta yarda a sasanta ƙananan laifuffuka. Fyaɗe da kisa ba sa ciki, kuma uba ba shi da ikon janye ƙarar da ba tasa ba. Tsananin hukuncin 2020 ma ya ƙara wa dangi dalilin matsa lamba a yi shiru, musamman idan mai laifin na gida ne.

A ra'ayina yawancin abin da muke kira yafiya a irin wannan zama kyauta ce da kayan wani. Wanda ya ce “na yafe” yana da idonsa biyu, yaron ne zai yi shekara 60 da ido ɗaya. Fiƙihun Malikiyya ya ƙayyade kowace gaɓa: ido ɗaya rabin diyyar rai, yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. A littafin Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa waliyyin yaro ba ya sasantawa a kan ƙasa da cikakkiyar diyya, sai fa in mai laifin ba shi da halin biya. A Babbar Kotu ma, da zarar an shigar da ƙara da sunan yaro, sasantawa ba ta zama sai alƙali ya duba ya amince ba a ƙware shi ba. Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: kuɗin na yaron ne, yana hannun waliyyi kamar gadon maraya, a yi masa magani da karatu, a ajiye saura. Ba a yin jarin shago da shi, ba a ƙara aure da shi.

Idan za a yi sulhu a kan abin da ake sasantawa, a jira likita ya faɗi iyakar raunin, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a kuma tabbatar yaron bai koma hannun da ya cuce shi ba. Kana iya gaya wa mai unguwa cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, nawa na yafe, amma na yaron ba ni da ikon yafewa.”

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya je da ƙafarsa ya gano caji ofis mafi kusa da gidansa da sashen walwala na ƙaramar hukumarsa, ya rubuto lambar wayarsu a bangon littafinsa. Sannan ku ɗauka yaron garejin layinku ne ubangidansa ya jefa da sifana haƙori biyu suka fita, ku rubuta rahoton da za ku bayar cikin layi 5: rana, lokaci, wuri, abin da kuka gani, da wanda ke wurin. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya zo ya faɗa da baki, za mu rubuta tare a allo.